Yadda masu gyaran na'urorin sauti za su samu kafasita mai inganci ba tare da kashe kuɗi da yawa ba

Duk wanda ya saba zama kusa da lasifika a masallaci, coci, wurin biki ko filin taro ya san wani gurnani da kan fito daga na'ura tun kafin mai magana ya buɗe baki. Wani lokaci abin yakan tsaya a gurnanin. Wani lokacin kuma murya ta riƙa shaƙewa da zarar an ɗaga ta, ko amfilifaya ta ɗauke gaba ɗaya ana tsakiyar huɗuba ko wa'azi. Sau da dama idan aka kai wa mai gyara, abin da yake cirowa ya nuna wa mai kaya ɗan ƙaramin gwangwani ne da bai wuce girman yatsa ko batirin tocila ba, kansa ya kumbura, wani lokaci har da tsatsa a gindinsa. Sunansa kafasita, tsofaffin masu gyaran rediyo kuma suna ce masa kwandansa.

Canja shi aikin 'yan mintuna ne. Wahalar tana wajen samo wanda zai daɗe. Mai gyara yana tsakanin abu biyu: idan ya sa mai araha, na'urar za ta dawo shagonsa bayan 'yan watanni, mai kaya ya zarge shi da ha'inci, idan ya nemi mai tsada, mai kaya ya ce an tsawwala masa, ya ɗauki kayansa ya tafi shagon gaba. Tun da darajar Naira ta faɗi daga kimanin 460 kan Dala ɗaya kafin watan Yunin 2023 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, wannan matsi ya ƙaru, domin kafasitocin da ke kasuwa daga waje ake shigo da su. Sai dai akwai hanyar da ke tsakanin jabu mai araha da mai suna mai tsada, kuma tana farawa ne daga sanin aikin da kowane kafasita yake yi.

Aikin kafasita a cikin na'urar sauti

Kafasita ma'ajiyar lantarki ce ta ɗan lokaci. Yana karɓar caji, ya riƙe, ya sake shi cikin gaggawa idan an buƙata. Ana auna girman abin da yake iya riƙewa da farad, sunan da aka ɗauko daga masanin kimiyyar Ingila Michael Faraday, amma a na'urorin sauti ana amfani ne da maikurofarad, wato kashi ɗaya cikin miliyan na farad, wanda ake rubutawa µF a jikin gwangwanin.

A cikin amfilifaya yana da manyan ayyuka uku. Na farko shi ne tace wuta. Wutar da ke shigowa daga layi a Najeriya tana kai-da-komo sau 50 a kowace daƙiƙa, alhali amfilifaya tana buƙatar wuta miƙaƙƙiya irin ta batir. Bayan an juya wutar, manyan kafasitoci masu maikurofarad 4,700 ko 10,000 su ne ke cike gurbin da ke tsakanin hawa da saukarta, kamar yadda tankin ruwa ke sa famfo ya ci gaba da zuba ko da ruwan layi yana yankewa. Idan suka raunana, wannan hawa da sauka yakan shiga cikin sauti, shi ne gurnanin da ake ji.

Aiki na biyu shi ne miƙa sauti daga wani mataki na na'urar zuwa na gaba tare da tare miƙaƙƙiyar wutar da bai kamata ta bi shi ba. Na uku yana cikin akwatin sifika, inda kafasita ke raba sauti, ya bar siririn ya wuce zuwa ƙaramar sifika, ya hana mai kauri isa gare ta. Kafasita mai maikurofarad 4.7 da aka haɗa da ƙaramar sifika mai om 8 yakan fara rage duk sautin da ya gaza kai-da-komo kimanin 4,200 a daƙiƙa. Idan ya lalace, ƙaramar sifikar ce takan ƙone.

Kowane ɗaya daga ayyukan nan yana da irin kafasitan da ya dace da shi, kuma a nan ne kuɗi suka fi salwanta: ana sa mai tsada inda mai sauƙin kuɗi zai wadatar, ana sa mai rauni inda ake buƙatar ƙarfi.

Abin da ke kashe shi

Kafasitan da ya fi lalacewa shi ne mai ruwa a ciki. An yi shi ne da fallayen alminiyam guda biyu da aka naɗe tare da takarda mai jiƙe da ruwan sinadari, aka rufe su a gwangwani da toshiyar roba. Ruwan yana ƙafewa a hankali ta wajen robar, zafi kuma shi ke hanzarta ƙafewar.

Kamfanonin da ke ƙera shi suna da ƙa'idar lissafi da aka daɗe ana aiki da ita: duk lokacin da zafi ya ragu da digiri 10 a ma'aunin Selshiyas, tsawon rayuwar kafasita yakan ninka. Shi ya sa lambar zafin da ke jikinsa, 85 ko 105, take da muhimmanci. A ɗauki kafasita biyu da kamfani ya ce kowannensu zai yi awa 2,000 a iyakar zafinsa, a sa su cikin amfilifayar da cikinta ke kai digiri 65. Mai lamba 85 zai yi kimanin awa 8,000, mai lamba 105 kuma kimanin awa 32,000. Idan ana kunna na'urar awa shida kullum, na farko zai ɗan haura shekara uku da rabi, na biyu kuma zai wuce shekara 14.

A garuruwa irin su Kano, Sakkwato da Maiduguri, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40 a inuwa, ga ƙurar hunturu da ke toshe ramukan shan iska, ga akwatin ƙarfe da ake kulle amfilifaya a ciki don gudun ɓarayi, wannan bambanci yana fitowa fili da wuri.

Abu na biyu shi ne ƙarfin wuta. Taransifomar da ke ba da bolt 35 takan zama kimanin bolt 48 zuwa 49 bayan an juya wutar an tace ta. Kafasita mai lamba 50 a wurin yana gab da iyakarsa ke nan. Idan wutar layi ko ta janareta ta tashi daga 230 zuwa 250, abin da ke kansa zai wuce bolt 52, ya zarce abin da aka ƙera shi ya ɗauka. Mai lamba 63 shi ne daidai a wannan gurbi. Ƙa'idar ita ce ana iya hawa sama a lambar bolt da lambar zafi, amma ba a sauka ƙasa.

Su wa ke ƙera na ƙwarai

Sunayen da suka yi fice a kafasita mai ruwa na Japan ne: Nichicon da ke Kyoto, Nippon Chemi-Con da ke Tokyo, Rubycon, Panasonic da Elna. A ɓangaren kafasita marar ruwa, wanda ake yi da siririyar leda, an san Wima na birnin Mannheim a Jamus da jajayen akwatunansa, sai kuma Vishay da Kemet. Bayansu akwai kamfanoni masu matsakaicin farashi irin su Samwha na Koriya ta Kudu, Lelon na Taiwan, da Jianghai da Aishi na ƙasar Sin, waɗanda suke wallafa cikakken bayanin kayansu kuma manyan masana'antu suna amfani da su.

Masana'antar ta taɓa koyon darasi mai tsada game da ruwan da ke cikin gwangwanin. Daga wajajen 1999 zuwa 2007 miliyoyin kwamfutoci da talabijin sun riƙa mutuwa tun ba su tsufa ba, saboda kafasitocinsu suna kumbura suna fashewa, lamarin da aka yi wa laƙabi da annobar kafasita. Rahotannin da aka wallafa a lokacin sun danganta babban ɓangaren matsalar da wani haɗin sinadari da aka kwafa ba a kammala ba, aka sayar wa wasu masana'antu, aka rasa sinadarin da ke hana iskar haidurojin taruwa a ciki. A ido, kafasitocin ba su da wani aibi ranar da aka sayar da su.

Manyan kamfanonin ma suna da nasu tabon ta fuskar farashi. A watan Maris na 2018 Hukumar Tarayyar Turai ta ci tarar kamfanoni takwas, akasarinsu na Japan, kimanin Yuro miliyan 254 saboda haɗa baki kan farashin kafasita tsakanin 1998 da 2012. Wannan ya nuna cewa tsada ita kaɗai ba ta zama shaidar inganci.

Tambarin "na musamman don sauti"

Akwai jerin kafasitocin da ake tallatawa a matsayin na musamman don sauti, irin su Muse da Gold Tune na Nichicon, da Silmic na Elna wanda ake saka zaren siliki a takardar cikinsa. Masu sha'awar kiɗa a Turai, Amurka da Japan suna biyan ninkin farashi a kansu, kuma an daɗe ana muhawara a kan ko kunne yana iya rarrabe su da sauran. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne da yawa daga cikinsu masu lamba 85 ne, an ƙera su don ɗaki mai sanyi. Ga amfilifayar da za ta yini a rana a filin biki, jerin da aka yi don masana'antu masu lamba 105 sun fi dacewa, kuma yawanci sun fi sauƙin kuɗi. Daga cikinsu akwai FC, FM da FR na Panasonic, PW da HE na Nichicon, ZL na Rubycon, da KY na Chemi-Con.

Idan ana son kyautata sauti a hanyar da murya ke bi, canja nau'i ya fi canja suna amfani. Inda adadin bai wuce maikurofarad ɗaya ko biyu ba, kafasitan leda yana yin aikin, ba shi da ruwan da zai ƙafe, kuma yakan yi shekaru masu yawa adadinsa bai sauya ba. A akwatin sifika, na ledar folifurofilin shi ne zaɓi na farko. Idan kuɗi ba su kai ba, sai mai ruwa wanda ba shi da gaba da baya, domin mai alamar ƙari da ragi ba ya jure wannan gurbi. A cikin ƙananan na tangaran kuwa, mai lambar C0G ko NP0 shi ne ya dace da hanyar sauti. Mai lambar X7R adadinsa yana sauyawa da ƙarfin wutar da ke kansa, har yakan ɗauki girgiza ya mayar da ita ƙara.

Yadda ake gane jabu

Jabun kafasita iri uku ne suka fi yawo. Akwai wanda aka sa wa rigar babban kamfani alhali wata ƙaramar masana'anta ce ta yi shi. Akwai tsoho da aka ciro daga matacciyar na'ura, aka goge, aka sauya masa riga da ƙafafu. Akwai kuma babban gwangwanin da idan aka yanka shi sai a tarar da ɗan ƙaramin kafasita a ciki, sauran wurin fanko ne ko an cike shi da wani abu don ya yi nauyi.

Matakin farko na kariya kyauta ne. Kowane kamfani na ƙwarai yana sa takardar bayanin kowane jeri a intanet, da tsawo da kaurin kowane adadi a milimita. Idan takardar ba ta da irin girman da ke hannu, ko ma jerin bai taɓa samun wannan adadi ba, an gama magana. Sai a duba rubutun jiki ko ya dushe ko an yi kuskuren harafi a sunan kamfanin. Tsagin da ke saman gwangwanin, wanda aka yi don ya buɗe idan iska ta taru, shi ma yana ba da haske: Rubycon yakan yi shi da siffar harafin K, Panasonic da siffar T, Chemi-Con da siffar Y, Nichicon kuma da gicciye. Masu jabu suna iya kwaikwayonsa, saboda haka dacewarsa ba ta wanke kaya, amma saɓaninsa dalili ne na tsayawa a ƙara bincike.

Mataki na biyu shi ne awo. Yawancin masu ruwa an yarda adadinsu ya saɓa da kashi 20 cikin 100 sama ko ƙasa, don haka mai lamba 10,000 da ya nuna 6,000 ya faɗi. Akwai kuma turjiyar ciki, wadda mitoci ke nunawa da haruffan ESR. Kafasita yana iya nuna adadi daidai alhali turjiyarsa ta hau, kuma irin wannan shi ne yake zafi yana sa gurnani. Ƙaramar na'urar da ke auna duka biyun ba ta da tsada idan aka kwatanta da asarar da take tarewa.

Sai dai akwai abin da ƙaramar mita ba ta gani. Kafasita mai bolt 35 da aka sa wa rigar 63 zai nuna adadi daidai, turjiya daidai, sai an ɗora masa wuta asirinsa yake tonuwa. Girman jiki da nauyi su ne ke fallasa shi, domin mai jure wuta da yawa dole ya fi girma a jeri ɗaya. Duk wanda zai sayi da yawa, yanka guda ɗaya a ga cikinsa bai zama asara ba. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama.

Inda ake samu

Hanya mafi kusa ita ce kasuwa. Yawancin kayan gyaran lantarki suna shigowa ta Legas, musamman Kasuwar Alaba da ke Ojo, daga nan su bazu zuwa Sabon Gari a Kano da sauran manyan kasuwannin Arewa. Ana samun na ƙwarai a cikinsu, ana samun jabu, sau da yawa a kanta ɗaya. Abin da ke taimakawa shi ne riƙe mai sayarwa guda da ya yarda a auna kaya a gabansa kuma a dawo da wanda ya faɗi. Matsakaicin kamfani da ya fito da sunansa na gaskiya ya fi aminci a kan babban suna da ake sayarwa a farashin da hankali ba zai ɗauka ba.

Hanya ta biyu ita ce dillalan da kamfanonin suka amince wa, irin su Mouser da ke jihar Texas da DigiKey da ke jihar Minnesota a Amurka, da RS da Farnell na Birtaniya. Kayansu daga masana'anta suke fitowa kai tsaye. Cikas ɗin shi ne kuɗin jirgi da na kwastan, waɗanda kan fi kuɗin kayan idan odar ƙarama ce. Amma farashinsu yana sauka idan an sayi goma, ya ƙara sauka a ɗari. Masu gyara goma da suka haɗa jerin buƙatunsu suka yi oda ɗaya za su raba kuɗin jirgi kuma su ci ragin sari. Ƙungiyoyin masu gyara da ke kasuwanni suna da shugabanni da asusu, kuma wannan aiki ne da za su iya ɗauka, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Hanya ta uku ita ce ƙasar Sin. Dillalai irin su LCSC na birnin Shenzhen suna sayar da kayan kamfanonin Sin, Taiwan da wasu na Japan tare da takardun bayaninsu, a farashi mai sauƙi, kuma ana iya biyo da kayan ta hannun masu jigilar da 'yan kasuwar Arewa suka saba aiki da su daga Guangzhou. Wannan daban yake da shafukan da kowa ke iya buɗe shago, inda hoto da kayan da za su iso ba lallai su zama abu ɗaya ba.

Hanya ta huɗu ita ce tsofaffin na'urori. Matattun inbata, na'urorin riƙe wutar kwamfuta da amfilifayoyin gwanjo na manyan kamfanoni sukan ƙunshi kaya na asali. Kafasitan leda da aka ciro daga cikinsu yawanci lafiyarsa ƙalau. Mai ruwa kuwa sai an auna shi, kuma bai kamata a sayar wa mai kaya shi a matsayin sabo ba. Haka ma sabon da ya shekara biyu ko uku a ajiye: fatar da ke raba fallayensa takan raunana, sai an farfaɗo da ita ta hanyar ba shi wuta a hankali ta cikin rizisto kafin a ɗora masa cikakken aiki.

Akwai gargaɗin da ya shafi rai. Babban kafasita yana iya riƙe caji bayan an zare na'ura daga soket, kuma a amfilifayoyin zamani marasa babbar taransifoma cajin yakan haura bolt 300. Ana sauke shi ne ta cikin rizisto, a tabbatar da mita, kafin hannu ya taɓa. Haɗa ƙafafunsa da sukudireba yana ɓata kafasitan kuma yana iya raunata mutum. Sa mai ruwa a juye, ƙari a wurin ragi, yana sa shi fashewa.

Abin da ya rage ga mai kaya

Kwamitin masallaci, mai gidan biki ko mai sutudiyo ba sai ya iya riƙe ƙarfen dalma ba kafin ya kare kuɗinsa. Ya isa ya nemi a nuna masa abin da aka cire da abin da za a sa, ya duba cewa lambar bolt ba ta gaza ta da ba, lambar zafi kuma 105 ce. Idan manyan kafasitocin tace wuta biyu ne ko huɗu kuma ɗaya ya kumbura, a canja su duka, domin zafi ɗaya suka sha. Yana da kyau a rubuta ranar gyara a jikin murfin daga ciki.

Sauran kuma kulawa ce: a bar wa na'ura sarari ta sha iska, a huda akwatin ƙarfen da aka kulle ta ko a sa masa ƙaramar fanka, a hure ƙura bayan hunturu, kada a kunna ta sai janareta ya daidaita. Bisa ƙa'idar nan ta digiri 10, fankar da ta rage zafin ciki da wannan adadi ta ninka rayuwar kowane kafasita mai ruwa da ke cikin akwatin.

Idan aka zo biyan kuɗi, lissafin da ya dace shi ne na awannin da kayan zai yi yana aiki. Kafasitan da ya ninka wani a farashi amma ya ninka shi sau huɗu a daɗewa shi ne mai araha, tun ba a haɗa da kuɗin gyara na biyu da na uku ba, da kuɗin mota zuwa shago, da ranar da jama'a za su taru lasifika ta ƙi tashi.